Ganyen da Ban Ajiye a Mararraba Ba

Kafanchan,
Ranar Juma'a.

Zuwa ga ɗana Dogara,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah ya ba ka lafiya da salama, ya tsare fitarka da shigarka. Ba sai na tambayi lafiyarka ba, tun da da safen nan na ga yadda ka yi da kwanon ɗumamen tuwon acca.

Kada ka yi mamakin uba ya rubuta wa ɗansa wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakunansu. Shekara talatin na yi ina tsayawa gaban yara da alli a hannu, bakina bai taɓa rawa ba. Amma in na zauna da kai sai in kasa fara maganar, in ɓige da tambayarka ko ka sa wa kacar kekenka mai. Ranar Litinin za ka kama hanyar Jos ka fara aikinka na wayar lantarki, ga mamanka can ta cika maka buhu da citta da daddawa sai ka ce babu kasuwa a Jos. Na ce mata ta miƙa maka takardar nan yau, kada ta cusa ta cikin akwati, domin akwai abin da nake so ka yi kafin motar ta tashi.

Maganar abokinka Chidi ce. Tun tseren keke na ranar Litinin ta Ista hannunsa ke rataye a wuya, kai kuma sati uku ke nan kana zagayawa ta bayan kasuwa don kada ka bi ta ƙofar shagon mamansa. Ina kan dutse ran nan, na ga abin da ya faru a kwana, kuma na san ba dutse ne ya kayar da shi ba. Kada ka yage takardar tukuna. Ba da kai zan fara ba, da kaina zan fara, domin nawa ya fi naka muni.

Kana ɗan ƙarami lokacin da muka fara hawan tsauni da keke. A shekarar da aka cire Katsina daga jihar Kaduna ne. Wanda ya kawo wannan haukar shi ne Oga Okoro, fita, wato makaniki, a gidan gyaran jirgin ƙasa, mutumin Gabas wanda aka haifa a kwatas ɗin reluwe nan garin. Za ka tuna shi, shi ne mai ba ka alewa daga aljihun da yake zuba kusoshi. Mu biyar ne, duk magidanta, duk da baƙaƙen kekunanmu masu birkin ƙarfe. Ranar Juma'a da yamma sai mu kwance kariya da madigadi don su rage nauyi, Okoro ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaure abin da ya saki. Asabar da sassafe mu nufi Kagoro. Mutanen gari suna mana dariya, wai manya da furfura suna wahalar da kansu ba aike ba, ba gona ba. Mamanka kuwa cewa take, “In ka karye, kada ka kira sunana.” Amma ita ce mai ƙulla mini dafaffiyar gyaɗa a leda.

Dogara, ban san yadda zan kwatanta maka daɗin waɗannan Asabar ɗin ba. In mun kai sama mukan jingine kekuna mu zauna a kan falalen dutse, zufa tana bushewa a jikinmu. Ga Kafanchan can ƙasa da rufin kwanonta, ga layin dogo ya miƙe, in an yi sa'a jirgi ya fito yana kuka, Okoro ya saurara ya ce, “Wannan injin ni na gyara shi.” Ko gaskiya ne ko cika baki, ba mu taɓa musa masa ba. A dawowa wani lokaci mu ratsa ta magangarar ruwan Matsirga mu wanke fuska. Har yau in ruwan farko ya sauka na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa, ƙafafuna sai su fara neman feda. Ina kewar kwanakin nan ƙwarai.

Kuskurena na farko girman kai ne. Akwai wani hawa mai tsayi wanda kowa ke sauka ya tura, ni ma haka nake yi in ba mai kallo. Wata rana muka tarar da mata suna gangarowa da itace a ka, cikinsu har da iyayen 'yan makarantata. Suka ce, “Sannu Hedimasta!” Shi ke nan, na ce yau ba ni ba sauka. Na miƙe tsaye a kan feda, idona ya yi ja, numfashina kamar zugazugin maƙeri, keken yana tafiya a hankali har ya tsaya cak, muka kife tare a gefen hanya. Wata tsohuwa ta sauke itacenta ta tsaya a kaina ta ce, “Malam, kai ne ka hau keke ko keke ne ya hau ka? Sauka ka tura mana, ba wanda zai faɗa ma yaran makaranta.” Kafin Litinin duk makaranta ta ji.

To, a wurin aikinka za a miƙa maka abin da ba ka iya ba, ga mutane suna kallo. Ka ce ba ka iya ba, a nuna maka. Waya ba ta san kunya ba, kuma ba za ta tsaya a kanka ta yi maka ba'a kamar tsohuwar nan ba. Na fi son a ce ɗana mai yawan tambaya ne.

Na biyu, rashin jin magana. Okoro ya sha gaya mana cewa in mun ƙetare rafi, kada mu shiga gangara sai mun ɗan matse birki muna tafiya a fili, har robar ta bushe ta fara kama wili. Ni ina ganin wannan tsoro ne na mutumin da ya saba da jirgi. Wata Asabar ta damina muka bi ta wajen Godogodo, muka ƙetare wani rafi, na faɗa gangara ban gwada komai ba. Da na matse birki sai na ji kamar na damƙi sabulu. Na wuce kwana, na keta shinge, na yi kwance-kwance a tsakiyar gonar citta. Mai gonar yana duƙe yana cire ciyawa, ya ɗago ya dube ni ya ce, “Baba, in citta kake so, ai bai nuna ba tukuna.” Asabar biyu na yi ina taya shi gyara kunya da shinge, abokaina suna zaune a inuwa suna ba ni shawara.

Abin da na koya shi ne, mutum yakan gwada birkinsa ne a fili, tun bai ga gangara ba. A Jos za ka sami abokai masu daɗin hira, za su ce zo mu je nan, zo mu ɗanɗana wancan. Ka gwada ce musu a'a a kan ƙaramin abu tun makon farko, ka ga ko bakinka zai iya, ka kuma ga wane ne zai tsaya da kai bayan ka faɗa. Sannan ka nemi majami'a tun Lahadin farko, kada ka ce sai ka zauna da gindinka.

Waɗannan biyun labaran dariya ne, ka sha jin su a bakina. Wanda zan rubuta yanzu ba ka taɓa ji ba, ko mamanka ba ta sani ba. Sau uku ina ajiye biro kafin in fara.

Muna da wata doka da muka aro daga maharba. Hanyoyin tsauni suna da rassa da yawa, kuma ba tare muke gangarowa ba, wani yana gaba, wani yana can baya. Saboda haka wanda ke gaba a ranar, in ya iso mararraba, dole ya sauka ya karyo ɗanyen reshe mai ganye, ya gicciya shi a bakin hanyar da ba za a bi ba. Na baya in ya ga ganye ya san nan a rufe take. Mukan kira na gaban “mai ganye”, kuma kowa yana da ranarsa. Shekara biyu muna haka ba wanda ya taɓa ɓata.

Sai aka turo wani saurayi ɗan bautar ƙasa makarantarmu, ya zo da keke mai ƙananan ƙafafu masu kauri da canjin giya, irin wanda yanzu ya cika gwanjo, amma a lokacin ba mu taɓa ganin irinsa ba. Ya roƙi ya bi mu. Tun a hawa yake wuce mu yana murmushi, yana cewa, “Sa, in jira ku ne?” Abin ya ci mini rai. A ranar ni ne mai ganye, muka ɗauki wata sabuwar hanya da ni kaɗai na san ta sosai. Da muka fara gangarowa yaron yana manne da ni, ina jin ƙarar tayarsa a bayana. Muka iso mararrabar da ke gindin wata ɗorawa. Hagu ita ce hanyar gida. Dama ta fi faɗi a baki, amma ba ta da nisa take karyewa ta zama matakalar duwatsu zuwa kwazazzabo, inda mata ke sauka da ƙafa su ɗebo ruwa. Na san haka sarai. Na kuma san in na sauka karyo reshe, yaron zai wuce ni. Na ce a raina, ai sauran suna kusa, za su hango mu. Ban sauka ba.

Na riga shi isa ƙasa da tsawon keke biyu, na ji kamar an naɗa ni sarauta. Uku daga cikin mutanenmu suka iso, don sun hango rigata. Okoro ne bai zo ba. Kullum shi ne na ƙarshe, domin shi ke ɗauke da jakar sifana da famfo da kayan faci saboda mu. Muka jira, muka yi ta kira, sannan muka koma sama da ƙafa. A cikin kwazazzabo muka same shi, keken a gefe ya lanƙwashe, shi kuma a tsakanin duwatsu, cinyarsa ta karye. Bai yi ihu ba, sai haƙora da yake cizawa. Muka sari sanduna muka ɗaura riguna muka ɗauko shi.

A hanya ɗaya daga cikinmu ya ce, “Hedimasta, ba ka sa ganye ba ne?”

Na ce, “Na sa. Wataƙila shanu ne suka janye shi.”

Haka maganar ta fito, sumul, kamar na daɗe da shirya ta. Ɗan bautar ƙasan ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Bai tona ni ba har ya gama shekararsa ya tafi.

Ƙafar ta ɗoru amma ta gajarce. Okoro bai ƙara hawa keke ba. Ni kuwa na zama abokin kirki. Ina zuwa gidansa da lemu, ina karanta masa Zabura, ina yi masa addu'a da babbar murya. Madam ɗinsa har cewa take a cikin mutane babu kamar Hedimasta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da ya fara takawa da sanda, sai ya ce mu ci gaba da kawo masa kekunanmu ranar Juma'a. Ya zauna a kan benci ya miƙe gajeriyar ƙafar, ya ɗaure mini birki, ya ce, “Ka yi hankali gobe.” Kullum in na fito daga gida sai in ce yau zan faɗa masa. In na isa sai in ga yana cikin raha, in ce kada in ɓata masa rai. Wata rana in ga yana jin ciwo, in ce ba yau ba. Shekara uku ina wannan, kuma duk ranar da na ƙara, maganar sai ta ƙara nauyi. Hawan ma ya fita daga raina, ƙungiyar ta watse ba wanda ya ce a watse.

Da jirage suka fara ƙaranci, aiki ya ja baya, Okoro ya yi ritaya ya ce zai koma garinsu. Na raka su tasha, na taya su loda kaya. Ana saura kaɗan jirgi ya tashi sai ya kama hannuna ya ja ni gefe, kusa da tankin ruwa.

Ya ce, “Hedimasta, wannan hanya shanu ba ya bi. Kuma da kuka ɗauko ni, mun wuce ta gindin ɗorawa. Ina kwance ina kallon sama. Na duba duka itace na wurin, ba reshe ko ɗaya da an karya.”

Na dubi gajeriyar ƙafarsa.

Ya ce, “Ƙafa ba komai, na saba da shi. Kowa yana mistek. Amma shekara uku kana zuwa gidana, ka zauna, ka tashi. Kullum in na ji belin keke naka a ƙofa, sai na ce ma Madam, ba mu wuri, yau abokina yana da magana. Na jira, na jira.”

Dogara, ga shi ya buɗe mini ƙofa da hannunsa, ba abin da ya rage sai in ce ka gafarta mini. Bakina ya buɗe. Jirgi ya yi kuka, Madam tana kiransa ta taga. Ka san abin da babanka ya ce, dattijon ikilisiya, mai koya wa 'ya'yan mutane gaskiya? Na ce, “Allah ya kiyaye hanya.” Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya ɗingisa ya hau. Na ce zan rubuta masa, na fara sau da yawa ina yagewa. Damina ta biyu bayan tafiyarsa wani ɗan garinsu mai sayar da kayan gini ya tsayar da ni a kasuwa ya ce Oga Okoro ya rasu. Na roƙi Allah gafara, kuma na gaskata ya ji ni. Amma shi Okoro bai ji daga bakina ba, kuma ba zai ji ba a duniyar nan. Wannan abu yana yi mini ciwo har yau da nake rubuta maka.

Akwai laifi guda da na yi maka kai kanka. Bayan na daina hawa sai na koma ɗan kallo. Duk Litinin ta Ista, in jama'a sun hau tsauni zuwa taron da muke kira Galili da kulolin shinkafa da ganguna, matan zumunta suna waƙa, ni ina can kan dutsena tun kafin samari su fara tsere. Ka tuna shekarar da ka fara shiga, kana ɗan sha huɗu, ka zo na biyu? Ka taho da gudu kana haki, fuskarka cike da murna, ni kuma na ce maka a gaban mutane, “Na biyu shi ne shugaban waɗanda suka faɗi.” Aka yi dariya. Na ga yadda murnar ta bar fuskarka, amma na ce ƙarfafa ka nake yi. Ba gaskiya ba ne, ɗana. Ka yi ƙoƙari ran nan, na yi alfahari da kai, girman kai ya hana ni faɗa. Ka yafe mini. In Allah ya ba ka 'ya'ya, in sun taho maka da gudu da abin da suka samu, ka karɓa da hannu biyu.

Shi ya sa abin da na gani bana ban ɗora maka shi kai kaɗai ba. A kwanar da ke ƙarƙashin babban dutse, inda 'yan kallo ba sa hangowa sai wanda ke sama, Chidi ya zo zai wuce ka ta waje. Ka waiga ka gan shi. Ka buɗe gwiwar hannunka ka matse shi zuwa bakin hanya, kan kekensa ya bugi naka, ya tafi ƙasa. Ka ci tsere, aka ɗaga ka sama, aka ba ka agogon bango, wanda na lura har yau yana cikin kwalinsa a ƙarƙashin gadonka. Da aka tambaye ka, ka ce dutse ya taka. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma da na ji wannan amsa daga bakinka sai na tuno shanun da na ɗora wa laifina.

Jiya na je shagon mamansa da sunan sayen man keke. Chidi yana zaune yana ba mutane kaya da hannu ɗaya. Yaron nan da kuka koyi faci tare, wanda ya goya ka a kariya daga Kagoro har gida ranar da zazzaɓi ya kama ka a hanya. Na ce masa yaya hannu, ya ce da sauƙi. Wata mata da ke wurin ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce, “Dutse ne, Mama, ban gan shi ba.” Bai dube ni ba da yake faɗa. Da zan fita sai ya biyo ni har bakin ƙofa.

Ya ce, “Baba, an ce Dogara zai tafi Monde ko?”

Na ce haka ne.

Ya ce, “Na ajiye masa tiyub na keke guda biyu, masu kyau, don Jos akwai ƙaya.”

Na miƙa hannu na ce ya kawo in kai maka. Ya girgiza kai ya ce, “A'a Baba. Ka ce masa ya zo da kansa.”

Na san wannan kallon, ɗana, na taɓa ganin sa a fuskar wani. Yaron nan ya sani, yana rufa maka asiri a gaban mutane, kuma jiran ka yake yi. In ka hau motar nan ba ka je ba, za ka ce sai Kirsimeti, in Kirsimeti ta zo ka ce abin ya wuce, tayar da shi ba amfani. Za ku riƙa gaisawa, kuna dariya, har ka kai masa tsaraba, amma ba za ka ƙara iya zama da shi ku yi shiru tare ba.

Ba doguwar magana ba ce. Kada ka ce masa tsautsayi ne, kada ka ce ba ka san yadda aka yi ba. Ka ce, ni na matse ka, da gangan na yi, ka yafe mini. In ya zage ka, ka tsaya ka sha. In ya ce a gaya wa masu shirya tseren, ka ɗauki agogon ka bi shi. Ni ba zan gaya wa kowa ba, kuma ba zan raka ka ba. Gobe Asabar shagon yana buɗe har ƙarfe shida.

Ubangiji ya kiyaye ka a hawan Jos da kwane-kwanensa, ya ba direba natsuwa, ya raba ka da mugun ji da mugun gani. Ya tsare hannunka daga wuta, ya haɗa ka da maigida mai tsoron Allah da maƙwabta nagari. Ya sa ka ci abincinka da kwanciyar rai, ka dawo mana lafiya ka same mu lafiya. Ya kuma ba ka ƙarfin zuciyar da babanka ya rasa. Amin.

Ba zan tambaye ka ko ka je ba. Ranar Litinin a tashar mota zan dubi fuskarka, zan sani.

Ni ne babanka mai ƙaunarka,
Ishaku.